Yadda Ake Kare Ɗinkin Tiyatar Haihuwa Daga Yin Ruwa

Ɗinkin da zai yi ruwa ba kasafai yake nuna kansa a gadon asibiti ba. Ana sallamar mai jego a kwana na uku ko na huɗu, ciwo a bushe, kowa yana hamdala. Sai ana cikin hidimar suna, ko an yi an watse, ta fara jin wurin yana zogi, gefen ɗinkin ya yi ja ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Kafin a dawo da ita zare ya saki, mugunya tana zuba. A gida a ce zirga-zirgar suna ce ta jawo, a asibiti kuma a ce ba ta da tsafta. Sau da yawa ba ko ɗaya: ƙwayar cutar ta shiga ne tun a ɗakin naƙuda ko a kan teburin tiyata, ta kwanta tana hayayyafa har ta yi ƙarfi.

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na kare ciwon tiyata a 2016, ta ce a Afirka matan da ɗinkinsu ke kamuwa bayan tiyatar haihuwa suna iya kaiwa kashi 20 cikin 100. Abin da ke rage wannan adadi ba tarin allurai na mako guda bayan aiki ba ne, kodayake a nan muka fi kashe kuɗi. Wasu ƙananan abubuwa ne da ake yi a kan lokacinsu, mafi yawansu kafin wuƙa ta taɓa fata. Ga su kamar yadda suke biyo juna, daga awo har zuwa gida.

A fara tun daga awo

Mace mai ƙarancin jini ciwonta ba ya saurin warkewa, haka mai ciwon suga. Don haka a auna jini tun da wuri, wadda aka samu ƙasa da giram 11 a ɗora ta a kan maganin ƙarin jini, a kuma bi sawu a ga ya hau, kada sai ana gobe aiki a fara neman wanda zai ba da leda. A gwada suga, a gwada fitsari, a yi maganin ciwon sanyi idan akwai. Mai ƙanjamau ta tsaya a kan maganinta. Wadda aka san tiyata za a yi mata, kamar wadda aka yi wa aiki sau biyu ko wadda mabiyiya ta tare mata hanya, a sa mata rana, a yi wa mijinta bayani a gabanta. Aikin da aka shirya ya fi na gaggawa tsira daga kamuwa nesa ba kusa ba.

Ɗakin naƙuda

Nan ne wurin da aka fi yin ɓarna ba tare da an lura ba. Duk lokacin da aka sa hannu aka duba bakin mahaifa, ana tura ƙwayoyin cutar da ke farji zuwa sama, musamman idan faya ta riga ta fashe. Ƙa'ida ita ce duba ɗaya a kowace awa 4 matuƙar naƙuda tana tafiya daidai, da hannu wankakke da sabuwar safar hannu. A asibitin da ke da ɗalibai sai ka ga wannan ta duba, wancan ya duba, na sama ya zo ya tabbatar, duk a kan mace ɗaya. A rubuta kowane duba da lokacinsa a takardar naƙuda, wanda ya zo daga baya ya karanta kawai.

A rubuta kuma lokacin da faya ta fashe. Idan ya kai awa 18 ba a haihu ba, ko ruwan ya fara wari, ko jikinta ya yi zafi, likita ya sani nan take. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su ma suna da hannu a nan: macen da naƙudarta ta tsaya a tura ta gaba da wuri, da takarda mai nuna yaushe ta fara, sau nawa aka duba ta, wane magani aka ba ta. Wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ta ƙara yini a ƙaramin asibiti, da ƙwayar cutar a cikinta take isa tiyata. Irin wannan ba allurar rigakafin kamuwa da ake yi kafin aiki take buƙata ba, cikakken magani ne.

Wanka da gashi

Idan aikin shiri ne, ta yi wanka da sabulu daren da za a wayi gari da kuma safiyar ranar. Sabulun wanka na yau da kullum ya isa. Ta cuɗa mara, cibiya da matsematsi da kyau, kada ta shafa mai ko hoda bayan wankan. Idan na gaggawa ne, nas ta wanke marar da sabulu da ruwa kafin a shiga da ita.

Sai batun reza. Mata da yawa suna aske gabansu a gida daren aiki don kada a ga gazawarsu, wasu asibitocin ma har yau reza tana cikin jerin kayan da ake rubuta wa miji ya sayo. A cire ta daga jerin. Reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, kafin safiya ƙwayoyin cuta sun zauna a ciki. Idan gashin bai tare inda za a yanka ba, a bar shi. Idan ya tare, a rage shi da kilifa ko almakashi mai tsafta dab da shiga tiyata. Wannan magana a awo ya kamata a gaya mata, domin ranar aiki ta riga ta aske.

Allurar rigakafi: lokacinta ya fi yawanta

Idan abu ɗaya kawai asibiti zai iya gyarawa a wannan wata, to wannan ne. Duk macen da za a yi wa tiyatar haihuwa, ta shiri ko ta gaggawa, ana ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya minti 30 zuwa 60 kafin a yanka fata, domin a lokacin da aka buɗe ciki maganin ya riga ya ratsa nama. A da ana jira sai an ɗaure cibiyar jariri, don gudun kada maganin ya isa gare shi. An bar wannan, domin bincike ya nuna ba da shi kafin yanka ya fi kare uwa, kuma ba a ga ya cutar da jariri ba. Idan gaggawar ta kai a ce babu jira, a ba ta da zarar an yanke shawarar yin aikin, kada a jinkirta ciro jariri don cika mintuna.

Maganin da aka fi so shi ne sefazolin, giram 2 sau ɗaya, giram 3 ga mai nauyin kilo 120 ko fiye. Inda babu shi ana amfani da amfisilin. Wadda fenisilin ke tayar mata da mummunan borin jini ana ba ta kilindamaisin haɗe da jentamaisin, don haka a tambaye ta tun kafin a zuƙo allura. Ba a son Augmentin kafin a ciro jariri saboda haɗarin da ake danganta shi da shi ga hanjin jarirai. Ana maimaita allurar ne kawai idan jinin da ya zuba ya wuce lita ɗaya da rabi, ko aikin ya ja har awa 4. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2016, ya nuna ƙara azitiromaisin miligiram 500 ga matan da aka yi wa aiki suna cikin naƙuda ko bayan fashewar faya yana ƙara rage kamuwa, wasu asibitocin sun ɗauki wannan.

Abin da ya zama ruwan dare a wurinmu akasin haka ne. Ana shiga aiki babu allura, domin an rubuta wa miji takarda ya tafi kantin magani, ko yana can yana neman rancen kuɗi, sai bayan an fito a jera mata seftiriyazon da Flagyl na kwana biyar ko bakwai. Kuɗin ya fi yawa, kariyar ta fi ƙaranci, ga shi ana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Macen da ba ta da alamar kamuwa, allura ɗaya a kan lokaci ta ishe ta. Na san likitoci da yawa ba sa samun natsuwa da wannan, suna cewa yanayin asibitocinmu daban ne. Idan yanayin ne matsalar, yanayin za a gyara, allurar kwana bakwai ba ta wanke almakashi. Gyaran mai sauƙi ne: a ajiye maganin a cikin ɗakin tiyata a akwatin gaggawa, a yi lissafin kuɗi daga baya, a kuma ɗora alhakin ba da shi a kan mutum ɗaya, galibi mai yin allurar baya. Kafin a miƙa wuƙa wani ya tambaya da babbar murya, "An ba da allura? Ƙarfe nawa?" Wannan tambaya tana cikin takardar bin ƙa'idar tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a manna ta a bango.

Wanke farji da fata

Bayan an sa robar fitsari, a ɗauki auduga a kan maƙali, a jiƙa ta da aidin na ruwa ko kilohekzidin marar sifirit, a goge cikin farji na kamar daƙiƙa 30. Minti ɗaya bai cika ba, amma yana rage ciwon mahaifa bayan haihuwa, ya fi amfani kuma ga wadda ta yi naƙuda ko fayarta ta fashe. Shi ne matakin da aka fi mantawa.

Fatar ciki kuwa an fi son kilohekzidin mai sifirit. A fara daga inda za a yanka a yi waje, kada a dawo da audugar da ta taɓa matsematsi. Ga mai teɓa, wani ya ɗaga cikin a wanke ƙarƙashin lanƙwasar, domin daidai nan wuƙa za ta bi. Sannan a jira ya bushe da kansa, kamar minti 3, ba fifita ba gogewa. Bushewar tana cikin aikin maganin, kuma sifirit da ya taru a ƙarƙashin mace yana iya kamawa da wuta idan aka kunna na'urar ƙona jijiya. Inda babu kilohekzidin kada a damu: wani bincike da aka yi a ƙasashe bakwai, har da Najeriya da Ghana, aka buga a 2021, bai ga wani bambanci tsakaninsa da aidin ba. Abin da za a kiyaye shi ne kwalbar. Kada a riƙa ƙara sabon magani a kan ragowar tsoho, ko a tsinka shi da ruwan famfo don ya yi auki, wasu ƙwayoyin cutar suna rayuwa a cikin irin wannan kwalba.

Hannu, kaya da ɗaki

Zobe, agogo, warwaro da farcen roba duk a cire, farce a yanke. A wanke hannu har gwiwar hannu na minti 2 zuwa 5, yatsu suna sama ruwa yana gangarowa ƙasa. Idan famfo ya ɗauke, bokiti mai famfo ko wani ya zuba da buta, amma ba a tsoma hannu a baho ɗaya da kowa.

Kayan aiki sai an wanke su tas da buroshi kafin a sa su a tukunyar turara kaya, domin jinin da ya bushe a haƙoran maƙali yana kare ƙwayar cuta daga tururi. Kayan da aka naɗe suna buƙatar minti 30 a zafin digiri 121, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da zafin ya kai, ba daga lokacin da aka kunna ba. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, a sake daga farko. Ƙunshin da ya fito a jiƙe, ko wanda tef ɗinsa bai canza launi ba, ba a buɗe shi a kan mace. Tafasawa a ruwa ba ta maye gurbin wannan. Ƙofar tiyata ta zauna a rufe, masu kallo su ragu, wayar hannu ta tsaya a waje. A goge tebur da ƙasa tsakanin aiki da aiki, ko da mata uku ne ke layi.

Abin da ke hannun mai yin aikin

Likita ya san nasa, sai dai a tuna da kaɗan. A ciro mabiyiya ta hanyar jan cibiya a hankali, sa hannu a ɓamɓaro ta yana ƙara kamuwar mahaifa. A tsayar da jini da kyau kafin a rufe, domin gudan jinin da ya taru a ƙarƙashin fata abincin ƙwayar cuta ne. Idan kaurin kitse ya kai santimita 2 a ɗinke shi daban. Fata kuma ɗinkin zare na ƙarƙashin fata ya fi maƙale ta da ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Canza safar hannu kafin a fara rufe ciki abu ne mai arha da ya dace a saba da shi. Kada a bar mace ta yi sanyi: na'urar sanyaya ɗaki don jin daɗin ma'aikata, ruwan ƙari mai sanyi da ciki a buɗe suna saukar da zafin jiki, jini ya rage zuwa fata. A lulluɓe ƙirji da hannuwa, a ɗumama ruwan, balle da hunturu.

A gadon jinya

Bandejin farko a bar shi awa 24 zuwa 48, gwargwadon tsarin asibitin, kada a riƙa ɗaga shi ana leƙe. Idan ya jiƙe da jini ko ya ɓamɓare, a canza da kaya masu tsafta. Bayan nan ciwon da ya bushe ba ya buƙatar a riƙa dirza masa sifirit kullum. Robar fitsari a cire ta da zarar ƙafafu sun dawo ta iya tashi, galibi bayan awa 12. Ta zauna, ta taka, ta sha ruwa, ta ci abinci da wuri. Mai suga a ci gaba da auna ta.

Zagayen wankin ciwo shi ne inda cuta ke tsallakawa daga gado zuwa gado. Safar hannu ɗaya ba ta zagaye ɗaki. A goge hannu da man kashe ƙwayoyin cuta na daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin a taɓa kowace mace da bayan an taɓa ta, ko sabulu da ruwa na daƙiƙa 40 zuwa 60 idan hannun ya ɓaci. Kowace mace da nata ƙunshin kaya. A fara da masu busasshen ciwo, mai mugunya ta zo ƙarshe, in da hali a ware mata gefe. Tawul ɗin nan guda ɗaya da ke rataye a bakin famfo tun safe, a sauke shi.

Ranar sallama: da wa za a yi magana

Kuskure ne a yi wa mai jego bayani ita kaɗai. Ba ita ke da iko da jikinta a kwana arba'in ɗin nan ba, mahaifiyarta ce, ko uwar miji, ko gwaggon da aka ɗauko don wanka. Ita za a kira a zaunar, a yi mata magana da girmamawa: "Hajiya, ga 'yarki nan mun damƙa miki. Wannan haihuwar ba irin wadda aka saba ba ce, akwai ɗinki har cikin mahaifa. Don Allah a ɗaga mata ƙafa a kan ruwan zafi." Tsohuwar da aka ba girmanta ta fi kowa tsare dokar, wadda aka yi wa tsawa kuwa za ta ce to, ta je gida ta hura wuta.

A fayyace mata dalili. Wankan jego da tafasasshen ruwa, ana fyaɗa ganyen darbejiya ko na tsamiya a jiki, da gasa ciki da tsumma mai zafi ana dannawa, ba su dace da mai ɗinki ba. Fatar da ke kewaye da ɗinkin a mace take na makonni saboda an yanke ƙananan jijiyoyi, tana iya ƙonewa ta sale mai jego ba ta ji ba. Dannawar kuma tana iya buɗe ciwon. Dama tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan wankan zafi, kwanciya a kan gadon wuta da kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Wanka kam ta yi kullum, da ruwa mai ɗumi da sabulu, ruwan ya bi ta kan ɗinkin ba tare da cuɗawa ba, sannan ta dangwala tsumma mai tsafta wanda aka ware don wurin kaɗai har ya bushe. Mai teɓa ta kwanta rigingine ta ɗaga cikin iska ta shiga na ɗan lokaci, domin gumin da ke taruwa a lanƙwasar nan, musamman da bazara, shi ke jiƙa ɗinki.

Ba a sa komai a kai. Ba man shanu, ba man zafi, ba hoda, ba toka, ba garin magani, ba kuma fasa kafso a barbaɗa ba. Zane a ɗaura shi sama da ɗinkin, ko ta sa doguwar riga sakakkiya, kada gammon zane ko robar siket ya zauna daidai kan ciwon. Ƙunzugu a canza shi akai-akai, a wanke hannu kafin da bayan. Har mako shida kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi: babu daka, babu jan guga, babu ɗaukar bokiti. Ranar suna ta zauna wuri ɗaya, masu barka su same ta a nan. Ta ci ƙwai, wake, kifi, nama da zogale, ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini. Idan zaren na cirewa ne a rubuta mata ranar, kada a bar wani mai kemis ya cire.

Alamomin da ba a kwana da su

A gaya wa mijin, domin shi zai nemo abin hawa. Zazzaɓi ko rawar sanyi, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ja ko kumburi ko zafi a gefen ɗinki, ruwa ko mugunya, bakin ciwo ya buɗe, jinin biƙi mai wari, ciwon mara mai tsanani. Ko ɗaya aka gani a dawo ranar, ba sai ranar da aka rubuta ba, kuma kada a tsaya sayen kafso a kemis. Idan ja yana yaɗuwa cikin sa'o'i, fata ta fara yin baƙi ko ƙuraje masu ruwa, ko mai jego ta fara ruɗewa tana haki, ko tsakar dare ne a taho. Idan ciwon ya buɗe har ana ganin abin ciki, a rufe da tsumma mai tsafta da aka jiƙa, kada a tura komai ciki, a kawo ta a kwance.

A asibiti kuma kada a wadatu da rubuta magani. Ciwon da ya tara mugunya sai an warware zare an ba ta hanya, an ɗauki samfur an kai ɗakin gwaji kafin a fara magani, an wanke da ruwan gishirin asibiti, an duba ko ɗinkin ciki yana nan daram. Sai naman ya yi ja ya yi kyau ake maganar sake ɗinkewa.

A riƙa ƙirgawa

Duk kamuwar da ta bayyana cikin kwana 30 bayan aiki ana lissafa ta a kan tiyatar, ko da a gida ta fito. Asibitin da ke ƙirga waɗanda ya gani kafin sallama kawai zai ɗauka ba shi da matsala, alhali matansa suna can suna wankin ciwo a kemis ko a wani asibitin. Littafi ɗaya ya isa: suna, ranar aiki, na shiri ne ko na gaggawa, awa nawa faya ta yi a fashe, ƙarfe nawa aka ba da allura, ƙarfe nawa aka yanka, da lambar waya biyu, tata da ta miji. Nas ɗaya ta riƙa kira a ƙarshen makon farko, da na biyu, da ranar 30, ta yi tambaya uku: akwai zazzaɓi, akwai ruwa, ɗinkin ya buɗe? A ƙarshen wata a zauna da ma'aikatan ɗakin naƙuda, na tiyata da masu wanke kaya, a duba waɗanda suka kamu ɗaya bayan ɗaya, a ga ko aikin dare ne ya fi yawa a cikinsu, ko ranakun da babu wuta, ko waɗanda allurarsu ta makara.